Yadda Ake Auna Labarin Jirage Marasa Matuƙa a Yaƙin Teku da Kuɗin da Ake Kashewa a Kansa

Tun daga ƙarshen shekarar 2022 ake ta maimaita wata magana a kafafen labarai, cewa jirgi maras matuƙi na dala 20,000 ya mayar da jirgin ruwan yaƙi na dala biliyan 2 tsohon yayi, kuma nan gaba kaɗan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya korar babbar runduna daga teku da kayan da ba su kai kuɗin jirgin saman yaƙi ɗaya ba. Akwai gaskiya a cikin maganar, mai nauyi ma kuwa, amma ta cakuɗe da zuzutawar masu sayar da makamai da farfagandar masu yaƙi. Wannan jagora na wanda ke son ya ɗauki irin wannan labari ya auna shi da kansa ne, ɗan jarida ne shi ko ɗalibi ko ma'aikacin da ke duba kasafin kuɗin tsaro. Fagen daga biyu za mu riƙa komawa gare su, domin a nan ne aka gwada abin da rayuka da dukiya: yaƙin Rasha da Yukren a Bahar Aswad, da arangamar 'yan Houthi na Yemen da rundunonin ƙasashen Yamma a Bahar Maliya.

Fara da tantance abin da aka harba

Idan labari ya zo maka cewa jirage marasa matuƙa sun kai wa jirgin ruwa hari, ka fara gano wane iri ne, domin kaya uku ne mabambanta ake yi wa kuɗin goro. Na farko shi ne mai tashi sama wanda ba ya dawowa, irin Shahed-136 ƙirar Iran, wanda Rasha ke ƙera nata a Alabuga da sunan Geran-2. Injinsa ƙarami ne mai farfela a baya, gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba, yana ɗauke da abin fashewa mai nauyin kilo 40 zuwa 50, kuma ana ƙiyasta farashinsa tsakanin dala 20,000 da 50,000. Na biyu kwale-kwale ne mai gudu a kan ruwa babu kowa a ciki, irin Magura V5 na hukumar leƙen asirin sojan Yukren: tsawonsa mita biyar da rabi, yana ɗaukar kilo 320 na abin fashewa, yana iya tafiyar kilomita 800, kuɗinsa kuma ya ɗan haura dala 250,000. Na uku shi ne babban jirgin leƙen asiri irin MQ-9 Reaper na Amurka, wanda ke kaiwa dala miliyan 30, kuma 'yan Houthi sun kakkaɓo guda bakwai cikin makonni shida a watannin Maris da Afrilun 2025. Wannan na ukun ba shi da matuƙi a ciki, amma bai haɗa hanya da araha ba, saboda haka ka cire shi daga lissafin.

Daga nan ka bincika ko da gaske jirgi maras matuƙi ne ya yi ɓarnar. Moskva, babban jirgin rundunar Rasha a Bahar Aswad, wanda ya nutse ranar 14 ga Afrilun 2022, makamai masu linzami na Neptune da Yukren ta harba ne suka same shi. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Rostov-na-Donu da aka ragargaza a wurin gyara a Sevastopol, tashar rundunar Rasha a Kirimiya, a watan Satumban 2023, makaman da jiragen sama suka harbo ne suka yi masa illa. Rubymar, jirgin dakon takin zamani da ya nutse a Bahar Maliya a watan Maris na 2024, shi ma makami mai linzami ne ajalinsa. Sau da yawa akan tattara dukkan waɗannan a jingina wa jirage marasa matuƙa, wanda hakan ke kumbura nasararsu fiye da yadda take.

Nasarar tasu ta gaskiya ma ta isa a jinjina mata. A daren 31 ga Janairu zuwa wayewar garin 1 ga Fabrairun 2024, kwale-kwalen Magura sun nutsar da jirgin yaƙin Rasha mai suna Ivanovets a gaɓar yammacin Kirimiya. Bidiyon da Yukren ta fitar, wanda kyamarorin kwale-kwalen suka ɗauka cikin duhu, ya nuna yadda abin yake: ƙananan jirage suna karkacewa dama da hagu, harsasan bindigogin Ivanovets suna faɗawa ruwa a gefensu, ɗaya ya doki bayan jirgin, wani ya fasa gefensa, na bayansa kuma ya nufi ramin da ɗan'uwansa ya buɗe ya shige, har daga ƙarshe aka ga gaban jirgin ya miƙe sama yana nutsewa. Makonni biyu bayan haka aka nutsar da wani jirgin yaƙin Rasha, Caesar Kunikov, ranar 5 ga Maris kuma wani mai suna Sergey Kotov.

Sai dai ka lura da wani abu a cikin wannan bidiyo: kowane kwale-kwale yana da mutum zaune a gaban allo a can tudu yana sarrafa shi ta tauraron ɗan'adam. Tarin jirage da aka sako lokaci ɗaya daban yake da gungun da ke magana da juna, yana raba wa kansa aiki, yana ci gaba da farauta ko da an katse masa sadarwa. Irin wannan na biyun an nuna shi a gwaji, kamar lokacin da jiragen saman yaƙin Amurka samfurin F/A-18 uku suka saki ƙananan jiragen Perdix 103 a China Lake ta jihar Kalifoniya a watan Oktoban 2016, amma abin da aka gani a tekunan biyu galibi na farkon ne. Bambancin yana da muhimmanci ga lissafinka, domin muddin kowane jirgi yana bukatar mai sarrafa shi da hanyar sadarwa, to yawan horarrun mutane da ƙarfin sadarwar su ne iyakar harin, kuma a nan ne mai tsaro zai kai hannu.

Yi lissafin kuɗin da lambobi uku

Lissafin da ya fi yawo shi ne mai lambobi biyu: farashin jirgin da aka harbo, da farashin makamin da aka kakkaɓo shi da shi. Makamin SM-2 na sojan ruwan Amurka yana kaiwa kimanin dala miliyan 2, SM-6 ya haura miliyan 4, Aster da jiragen Birtaniya da Faransa ke harbawa kuma ya wuce miliyan 1. Idan aka gwada SM-2 da jirgin da bai wuce dala 50,000 ba, mai tsaro ya kashe ninki 40 na abin da maharin ya kashe, in kuwa jirgin na 20,000 ne, ninki 100. A watan Afrilun 2024 sakataren sojan ruwan Amurka na lokacin, Carlos Del Toro, ya shaida wa majalisar dattawa cewa makaman da rundunar ta harba a yankin Gabas ta Tsakiya cikin kimanin watanni shida sun kusa dala biliyan 1. Wannan lissafi daidai ne, amma bai cika ba.

Lamba ta uku ita ce darajar abin da ake karewa. Mai shago ba ya gwada kuɗin kwaɗon da ya saya da kuɗin ƙarfen da ɓarawo zai zo da shi, da kayan da ke cikin shagon yake gwadawa. Kwamandan da ke ganin ɗigo a na'urar rada yana nufo shi, a bayansa akwai jirgi na fiye da dala biliyan 2 da ma'aikata kusan 300, a gefensa kuma akwai jirgin dakon mai ko na kwantena ɗauke da kayan miliyoyin daloli. Irin wannan kwamanda ba zai tsaya tattalin makamin miliyan 2 ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. Sojan ruwan Amurka ba su manta da 12 ga Oktoban 2000 ba, ranar da ƙaramin kwale-kwale cike da bam ya fasa USS Cole a tashar Aden ya kashe ma'aikata 17. Idan kana son ganin girman lamba ta uku a matakin ƙasa, ka dubi Masar: kuɗin shigar da take samu daga mashigin Suwez ya faɗi daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kimanin biliyan 4 a 2024, jiragen da suka ratsa ta kuma suka ragu daga fiye da 26,000 zuwa kimanin 13,000.

Ɓangaren maharin ma yana bukatar gyara, domin farashin da ake ambata na jirgi ɗaya ne, alhali ba a kai hari da ɗaya. Ka ninka shi da yawan waɗanda aka tura, ka haɗa da na hare-haren da ba su yi nasara ba, waɗanda ba a fitar da bidiyonsu. Ka ƙara kuɗin sadarwa, irin ta Starlink da Yukren ta dogara da ita, da kuɗin sanin inda jirgin abokin gaba yake, wanda shi ne mafi tsada kuma mafi ɓoyuwa. Jiragen leƙen asirin ƙasashen NATO sun daɗe suna shawagi a sararin Bahar Aswad, Amurka kuma ta zargi jirgin ruwan Iran mai suna Behshad da bai wa 'yan Houthi bayanan jiragen da ke wucewa. Ko bayan an yi duk wannan ƙari, ribar maharin tana nan: kwale-kwale goma ba su kai dala miliyan 3 ba, Sergey Kotov kuwa Yukren ta ƙiyasta shi a kan miliyan 65. Abin da ƙarin ke nuna maka shi ne cewa makamin mai araha yana jingine ne da kayan aiki masu tsada, waɗanda sau da yawa wata ƙasa ce dabam ke biya.

Ƙirga makaman da ke cikin jirgin, sannan ka ƙirga na masana'anta

A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ƙasa mai arziki tana iya jure asarar kuɗi shekara da shekaru, amma jirgin ruwa ba ya iya harba makamin da ba ya cikinsa. Jirgin yaƙin Amurka samfurin Arleigh Burke yana da gurabun harba makamai 90 zuwa 96, kuma ba dukkansu ne na kakkaɓo abin da ke sama ba, domin akwai na Tomahawk da ake kai hari tudu da su, akwai na farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Samfurin Type 45 na Birtaniya gurabu 48 gare shi. Sau da yawa kuma makamai biyu ake harba wa abu ɗaya don kada a kuskure.

Ga lissafin da za ka yi da alƙalami. Ɗauki yawan makaman kariya da ke cikin jirgin, ka raba da yawan da ake harba wa kowane abu, sannan ka raba sakamakon da yawan abubuwan da ake harbowa a dare ɗaya. Abin da ya fito shi ne dararen da jirgin zai iya tsayawa a bakin aiki. Ranar 16 ga Disamban 2023, USS Carney shi kaɗai ya kakkaɓo jirage 14. Ranar 9 ga Janairun 2024, 'yan Houthi sun harbo jirage 18 da makamai masu linzami uku a lokaci ɗaya. Jirgin da ke da makaman kariya 48, in yana harba bibbiyu, hari irin wannan sau biyu ya ishi ya bar shi hannu rabbana.

Abin da ke ƙara tsananta matsalar shi ne cewa ba a sake cika waɗannan gurabu a tsakiyar teku. Kowane makami yana cikin dogon akwati mai nauyi wanda sai da ƙugiya ake saukar da shi cikin ramin a tsaye, aikin da ke bukatar tashar da ruwanta yake kwance. HMS Diamond na Birtaniya sai da ya bar Bahar Maliya a watan Fabrairun 2024 ya tafi har Jibralta don gyara da ɗaukar makamai, aka turo HMS Richmond ya riƙe masa wuri. Sai a watan Oktoban 2024 ne Amurka ta gwada wata na'urar sake loda gurabun a kan teku, a jirgin USS Chosin kusa da San Diego, kuma akwatin da aka gwada da shi babu makami a ciki. Mahari ba ya bukatar nutsar da jirgi idan zai iya tilasta masa barin wurin na makonni.

Daga jirgi sai ka koma masana'anta. A watan Janairun 2025, Mataimakin Admiral Brendan McLane ya bayyana cewa cikin watanni 15 na arangama da 'yan Houthi jiragen Amurka sun harba SM-2 guda 120, SM-6 guda 80, wasu makaman kariya 20, da harsasan babbar bindiga 160. Ka ajiye wannan 80 ɗin kusa da adadin SM-6 da rundunar ta saba saya a shekara, wato kimanin 125. A ɗaya gefen kuma, a dare ɗaya na watan Satumban 2025 Rasha ta harba wa Yukren jirage marasa matuƙa fiye da 800. Makamin kariya yana ɗaukar shekaru daga sa hannu a kwangila zuwa isowarsa, saboda injin rokarsa da na'urar da ke jagorantarsa kamfanoni ƙalilan ne ke yin su, shi kuwa jirgin hari ana harhaɗa shi da kayan da yawancinsu ana samu a kasuwa. A nan ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wannan giɓi ne ke hana masu tsara yaƙi a Washington barci idan suka tuna Taiwan, domin kowane makamin da aka ƙona a gaɓar Yemen ya fita daga rumbun da ake tanada don Sin.

Kada ka manta da gajiyar mutane. A watan Fabrairun 2024 jirgin Jamus mai suna Hessen ya harba makamai biyu kan wani Reaper na Amurka bisa kuskure, Allah ya sa ba su same shi ba. A watan Disamba na wannan shekara USS Gettysburg ya kakkaɓo jirgin F/A-18 na rundunarsu, matuƙan biyu suka tsira da lema. Ma'aikatan da suka yi watanni suna yanke shawarar rai da mutuwa cikin daƙiƙu dole wata rana su yi kuskure.

Buɗe taswira

Duk inda waɗannan makamai suka yi tasiri, matsattsen ruwa ne kusa da gaɓa. Daga Odesa zuwa Sevastopol kimanin kilomita 300 ne. Faɗin mashigin Babul Mandab bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba, kuma duk jirgin da zai shiga Suwez daga kudu sai ya bi ta nan. Bahar Aswad tana da wani sharaɗi na musamman: a ƙarshen Fabrairun 2022 Turkiyya ta yi amfani da yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta rufe mashiginta ga jiragen yaƙin masu faɗa, saboda haka duk jirgin da Rasha ta rasa ba ta iya kawo madadinsa daga wata rundunarta. A buɗaɗɗen teku abin ya bambanta. Kwale-kwalen mita biyar ba ya jure manyan igiyoyi, mansa yana ƙarewa, jirgin da yake nema kuma yana tafiyar kilomita 50 a awa a fili maras iyaka. Daga tsibirin Guam, inda Amurka ke da sansani, zuwa Taiwan ya haura kilomita 2,500, amma mashigin da ke tsakanin Taiwan da Sin kimanin kilomita 130 ne a inda ya fi tsukewa. Shi ya sa Admiral Samuel Paparo, kwamandan Amurka a yankin, ya yi maganar cika wannan mashigi da dubban jirage marasa matuƙa idan Sin ta yunƙura tsallakawa. Duk darasin da aka kawo maka daga Kirimiya, ka auna tazarar wurin da ake son ɗora shi kafin ka karɓa.

Tambayi abin da aka cim ma

Hana wani amfani da teku abu ne, mallakar tekun kuma wani abu ne dabam. Yukren ta shiga yaƙin kusan ba ta da rundunar ruwa, har ta nutsar da babban jirginta Hetman Sahaidachny da hannunta a Mykolaiv don kada ya faɗa hannun Rasha. Duk da haka ta tilasta wa Rasha kwashe yawancin jiragenta daga Sevastopol zuwa Novorossiysk da ke gaɓar Rasha, kuma bayan Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsi a watan Yulin 2023, Yukren ta buɗe hanyarta ta kanta daga Odesa, jiragen alkama da masara suka ci gaba da fita. Wannan babbar nasara ce da ta shafi farashin abinci a ƙasashe da dama. Amma kwale-kwalen ba su iya sauke dakaru a Kirimiya, ba su iya rakiyar jirgin kasuwa zuwa wata nahiya, jiragen Rasha kuma sun ci gaba da harba makamai masu linzami na Kalibr daga nesa.

A Bahar Maliya ma'aunin ya fi ban mamaki. 'Yan Houthi ba su nutsar da jirgin yaƙi ko ɗaya ba. Jiragen kasuwa huɗu suka nutsar: Rubymar, da Tutor wanda kwale-kwale maras matuƙi ya doka ranar 12 ga Yunin 2024, sai Magic Seas da Eternity C a watan Yulin 2025, kuma talakawan ma'aikatan jirgi, da yawansu 'yan Filifin, su ne suka rasa rayukansu. Amma tun tsakiyar Disamban 2023 manyan kamfanoni irin Maersk da Hapag-Lloyd da MSC suka karkata zuwa zagaye ta kudancin Afirka, tafiyar da ke ƙara kwana goma ko fiye. Jiragen yaƙin sun kare kansu, amma ba su gamsar da kamfanonin inshora ba. Idan kana auna wanda ya yi nasara, ka dubi yawan jiragen da ke wucewa da kuɗin inshora kafin ka dubi yawan abin da aka kakkaɓo.

Nemi martanin da ke tafe

An taɓa yi wa manyan jirage jana'iza a baya. A shekarun 1880, wasu hafsoshin Faransa ƙarƙashin Admiral Théophile Aube sun yi imanin cewa ƙananan kwale-kwale masu ɗauke da makamin da ke gudu a ƙarƙashin ruwa (torpedo) sun gama da manyan jiragen Ingila. Martanin shi ne bindigogi masu saurin harbi, da fitilun haska teku, da sabon jirgi mai sauri da aka ƙera don farautar kwale-kwalen, irin HMS Havock na 1893. An sake wannan magana ranar 21 ga Oktoban 1967, lokacin da ƙananan jiragen Masar suka nutsar da jirgin yaƙin Isra'ila mai suna Eilat da makamai masu linzami daga Port Said. Kowane lokaci babban jirgi ya rayu, amma ya sauya siffa kuma ya ƙara tsada.

Yanzu ma martanin ya fara. Rasha ta toshe bakin tashoshinta da shingaye da raga, ta sa jirage masu saukar ungulu suna farautar kwale-kwalen da bindiga, nutsar da manyan jiragenta kuma ya ragu sosai bayan farkon 2024. Yukren ta mayar da amsa ta ɗora wa kwale-kwalen makaman kakkaɓo jirage: ta harbo jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-8 ranar 31 ga Disamban 2024, sannan jirgin yaƙi Su-30 kusa da Novorossiysk a watan Mayun 2025. A Bahar Maliya jirgin Italiya Caio Duilio ya kakkaɓo jirgi maras matuƙi da bindigarsa mai milimita 76 a watan Maris na 2024, Amurka kuma ta koma amfani da ƙananan rokokin APKWS waɗanda kowanne bai wuce dala dubu talatin da 'yan kai ba. Birtaniya ta ce harbi ɗaya na makamin hasken lesa na DragonFire bai kai fam 10 ba, tana kuma shirin ɗora shi a jiragenta daga 2027. Idan ka ji wannan fam 10, ka tuna cewa an kashe fam miliyan 100 wajen ƙirƙiro shi, cewa hazo da ƙura da ruwan sama suna rage masa ƙarfi, kuma abu ɗaya yake ƙonawa a lokaci ɗaya. Bindiga da lesa duk suna nufin barin abin ya matso kusa, kuma kowane kilomita da aka bari ragi ne a damar harbi na biyu.

Karanta kasafin kuɗin da idon wanda ya san inda ake ɓoye abu

Kada ka yi tsammanin arahar makami za ta rage kuɗin tsaro. Cibiyar SIPRI ta Stockholm ta ƙiyasta cewa duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a kan soja a 2024, ƙarin kashi 9.4 cikin ɗari, a watan Yunin 2025 kuma ƙasashen NATO suka amince a Hague su kai kashi 5 cikin ɗari na arzikinsu nan da 2035. Jirage marasa matuƙa ƙari ne a kan tsohon nauyi: ana sayensu, ana sayen kariya daga gare su, kuma babu babbar ƙasar da ta daina ƙera manyan jirage. Sin ta ƙaddamar da babban jirgin ruwan yaƙi mai suna Sichuan a watan Disamban 2024, Turkiyya kuma ta mayar da babban jirginta TCG Anadolu dandalin tashin jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar TB3.

A cikin kasafin, ka bambanta sanarwa da abin da ya iso hannu. A watan Agustan 2023 mataimakiyar sakataren tsaron Amurka, Kathleen Hicks, ta sanar da shirin Replicator da alƙawarin dubban na'urori cikin shekaru biyu a kan kimanin dala biliyan 1, amma da wa'adin ya cika ɗaruruwa aka samu. Wannan biliyan ɗin ma ka gwada shi da dala biliyan 13 na jirgin dakon jiragen sama guda ɗaya, Gerald R. Ford, za ka ga inda nauyin kuɗin yake har yanzu. Layukan da suka fi gaya maka gaskiya ba su da ƙyalli: kuɗin harsasai da makaman kariya, faɗaɗa masana'antu, na'urorin dagula sadarwa, horar da masu sarrafawa, da shingayen tashoshi. Ka kuma duba ko kwangilar ta tanadi sabunta kayan, domin a Yukren samfurin da ke aiki yau yakan zama maras amfani cikin 'yan watanni da zarar abokin gaba ya gano mitar sadarwarsa, saboda haka ƙasar da ta sayi dubu ta jibge a rumbu ta yi asara, wadda ta mallaki injiniyoyi da wurin ƙira ita ce ta sayi abin da zai ɗore.

Waɗannan tambayoyi sun shafi ƙananan rundunoni ma. A 2021 sojan ruwan Najeriya sun ƙulla kwangila da kamfanin Dearsan na Turkiyya kan jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76, kuma rundunar tana da sansani a Baga a gaɓar Tafkin Chadi, yankin da mayaƙan ISWAP suka fara ɗaura bama-bamai a jikin ƙananan jiragen da ake saya a kasuwa suna kai wa sansanonin soja hari. Duk lokacin da aka kawo bukatar sabon jirgi gaban kwamitin majalisa, ya kamata a tambayi da me zai kare kansa daga abu goma da suka taso masa lokaci ɗaya, nawa ne kuɗin kowane harbi, harbi nawa yake ɗauka kafin ya koma tasha, kuma a wace ƙasa ake ƙera harsasan.